Fitilar falon Alhaji: amsa ga Hamadu

Hamadu, saƙonka ya iso ni bayan la'asar ina shago. Na saurari muryarka sau biyu, na kuma duba hotunan. Abin da na fahimta shi ne, falon gidan da kuke ja wa waya a Marwa tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 7, daga ƙasa zuwa silin kuma mita 5 da rabi. Hajiya ta ga wata fitilar rataye a kanti, irin mai 'ya'yan gilashi da masu kanti ke kira lustir, faɗinta santimita 60, ta ce ita take so. Kai kuma kana tambaya ko ka bari a saya, in an saya kuma a jikin me za ka rataye ta, tunda masu filasta sun kusa rufe silin.

Kafin komai, ka je ka tsayar da masu filastar nan yau ɗin nan, ko da za su yi maka tsaki. Su bar maka tsakiyar falon a buɗe. Dalilin yana tafe a ƙasa.

Ita kuwa fitilar da Hajiya ta gani, ta yi wa falon nan kaɗan ƙwarai. Ba laifin idonta ba ne. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a kantin fitilu ido ruɗuwa yake yi. Silin kanti bai kai mita 3 ba, fitilar tana dab da kanka, an kunna mata 'yan'uwanta ashirin a gefe, komai sai walƙiya yake. Ka ɗauke ta ka kai ta falo mai murabba'in mita 63, ka cilla ta sama, sai ta koma kamar ɗan kunne a wuyan raƙumi. Kuma ranar da baƙi suka shigo suka ɗaga kai, ba wanda zai ce Hajiya ce ta zaɓa. Cewa za a yi wane mai wuta ne ya yi wannan aiki.

Ga lissafin da nake yi, ka rubuta shi a bangon littafinka. Ka haɗa tsawon ɗaki da faɗinsa a mita, ka ninka sau 8, abin da ya fito shi ne faɗin fitilar a santimita. Naku 9 da 7 sun ba da 16, sau 8 ya zama 128. Ke nan fitila mai faɗin mita 1 da santimita 20 zuwa 40 kuke nema, fiye da ninkin wadda aka gani. Tsayin jikinta kuma daga tsayin silin ake ciro shi: kowace mita ɗaya ta tsayi ka ba ta santimita 20 zuwa 25. Mita 5 da rabi za ta ba ka jiki mai tsayin santimita 110 zuwa kusan 140, ban da sarƙa. Shi ya sa a dogon silin ake neman mai hawa biyu ko uku, wadda take saukowa kamar zangarniya. Mai faɗi kamar faifai ta gajeren silin ce. Wannan lissafi ba aya ba ne, in kana tsakanin biyu a irin wannan falo ka ɗauki babbar.

Saukowarta ma abin lura ne. Duk inda mutum zai bi ta ƙarƙashi, gindin fitila kada ya yi ƙasa da mita 2 da santimita 10 daga daɓe. Amma wannan iyakar ƙarshe ce. A falonku ni zan tsayar da gindinta wajen mita 3. In jikinta mita 1 da santimita 30 ne, saura mita 1 da santimita 20 na sarƙa. Yawancin waɗanda ake kawo mana sarƙarsu gajera ce, saboda haka ka tambayi mai kanti tun kafin a biya kuɗi, kuma sarƙar da za a ƙara ta zama mai kauri daidai da ta asali. A hoto na uku na ga akwai baranda ta ciki a bene mai leƙo falon. Ka hau can ka tsaya ka duba, domin wanda ke sama ma zai ga fitilar, kada ya riƙa kallon ƙeyarta da tarin wayoyi.

Na san abin da ke ranka: yaya za ka gaya wa Hajiya zaɓinta bai yi ba, kai yaro? Kada ka yi gardama da ita, kada kuma ka karanta mata lissafi. Ɗauki bututun roba na waya, ka lanƙwasa shi ya yi zobe mai faɗin santimita 60, ka yi wani mai 130. Ka ɗaure kowanne da igiya, ka rataye su ɗaya bayan ɗaya a inda fitilar za ta zauna. Sannan ka ce, "Hajiya, don Allah a zo a tsaya bakin ƙofa a duba mana." Ka ja bakinka ka yi shiru. Gani ya kori ji. Ban taɓa yin wannan dabara mai gida ya zaɓi ƙaramin zoben ba.

To, yanzu ga abin da ya sa na ce a tsayar da masu filasta, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne.

Silin filasta ado ne, kansa kawai yake ɗauke da shi. Haka silin katako mai falle. Fitilar gilashi mai wannan girma na sha ɗaga wadda ta kai kilo 30, har da mai 40. Ƙugiyar da ke zuwa cikin ɗan akwatin roba na silin ba don irin wannan nauyi aka yi ta ba. Dole nauyin ya rataya a jikin ginin kansa, wato kankaren rufi ko ƙarfen da ke ɗauke da kwano, filastar kuma a huda ta kawai sandar ta wuce.

Kankaren ma sai ka san wane iri ne. Yawancin benayen da ake yi a nan arewacin Kamaru, dal ɗinsu, wato kankaren rufinsu, da bulo mai rami ake jera shi, wanda magina ke kira urdi, tsakanin layi da layi kuma a zuba kankare da rodi. Daga ƙasa in an shafe da siminti duk ɗaya suke a ido. Ka ƙwanƙwasa da guduma: bulon zai yi ƙara kamar ganga, layin kankaren kuma zai amsa a daskare. A layin kankaren ake hudawa, a sa kusar ƙarfe mai buɗewa a ciki, mai kaurin milimita 10 ko 12, guda biyu aƙalla a jikin faranti ɗaya na ƙarfe. In tsakiyar falon ta faɗa kan bulo, ka sa mai walda ya yanko maka ƙarfe mai kusurwa ya haɗa layi biyu, ƙugiyar ta zauna a tsakiyarsa. Da tun kafin a zuba dal aka kira mu, da rodi kawai za mu lanƙwasa mu ɗaure a cikin ƙarfen, an wuce wurin. Amma masu gida ba sa tuna mai wuta sai gini ya bushe.

Ban taɓa ba ka labarin nan ba. Ina da shekara kamar taka, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya tura ni wani gida nan Garwa in rataye fitila. Na huda, injin ya shige da sauƙi, na ji daɗi ma wai aiki ya zo da sauƙi. Na cusa ɗan roban nan da ke riƙe kusa a cikin rami, na murɗa ƙugiya, na ja da hannu na ji ta kama. Kwana 9 fitilar tana sama. Daren na goma, mutanen gidan suna barci, suka ji kamar an fasa kantin tangaran. Da safe aka aiko. Na tarar da ita a baje kan kafet, gilashi har ƙarƙashin kujeru, ƙugiyar tana nan a jikin sarƙa da ɗan guntun bulo manne da ita kamar ƙwallon goro. Daidai wurin nan yaran gidan ke zama da allunansu bayan magariba. Maigidana bai zage ni ba. Ya ɗauki guntun bulon ya sa mini a aljihu, ya ce in ajiye. Wata 4 ina aiki ba ko sisi kafin kuɗin fitilar ya fita.

Tun daga ranar ba na rataye babbar fitila sai na gwada ƙugiyar da buhun siminti. Kilo 50 ne. A ɗaure shi da igiya ya yi lilo ɗan nesa kaɗan da daɓe, ya kwana a haka. Da safe ka hau ka duba ko farantin ya saki ko kankaren ya yi tsaga. In fitilar ta haura kilo 30, buhu biyu. Masu gida za su yi maka dariya, ka bar su su yi.

Batun haske ba shi da wuya. Da lumen ake auna yawan haske, falo kuma na neman kamar lumen 150 a kowace murabba'in mita, naku ke nan wajen 9,500, kuma tunda silin ya yi nisa ka ɗan ƙara. Ƙwan LED mai siffar kyandir, mai ƙaramin gindi E14, na wat 5 yana ba da lumen 400 da wani abu. Fitila mai ƙwai 24 ta isa, wutar da za ta ci kuma wat 120 ce kacal. Da tsofaffin ƙwai na wat 40 ne, wat 960 ke nan, murhu guda a saman kan mutane, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Ka raba ƙwan gida biyu a makunni biyu, don ba kullum ake biki ba. Ka sayi masu haske ruwan zuma, waɗanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsu. Farin nan na 6500K yana mai da gilashi kamar ɗakin tiyata. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta wadatar, kuma wayar ƙasa, mai kore da ruwan ɗorawa, a ɗaure ta a jikin ƙarfen fitilar. Kada in ji an naɗe ta an tura cikin silin.

Akwai wasu na zamani masu zobba, waɗanda haskensu a manne yake a jiki, ba ƙwan da ake cirewa. Suna da kyau a hoto, ba su da nauyi, amma ni ba na ba da shawararsu a dogon silin. Ka san halin wutarmu. Daga madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai kaso mai yawa nata ke zuwa, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai a shiga ɗauke-kawo, kuma dawowar wuta da ƙarfi ita ke ƙona ɗan akwatin da ke sarrafa irin wannan fitila. In ya ƙone duk fitilar ta mutu, samun irinsa kuwa sai an aika Duwala, wani lokaci ma a rasa. Mai ƙwai kuwa, ɗaya ya mutu saura 23 na ci. Ka kuma karanta takardar jikinta ka tabbata ta wuta mai ƙarfin volt 220 ce, don wani lokaci akan kawo kayan da aka yi wa Amurka, masu 110, gindin ƙwansu ma daban yake.

A kantin, ka ɗauki ɗaya daga 'ya'yan ka riƙe. Gilashi na gaske yana da sanyi da nauyi a tafin hannu, in ka kaɗa biyu suna ƙara siririya. Na roba ɗumi gare shi, ƙararsa a dushe, yana jan ƙura, bayan 'yan shekaru kuma ya yi ja-ja. Araha ba ta ado. Ka sa a buɗe kwalin a ƙirga a gabanka, domin kayan nan sun sha hanya daga Sin zuwa Duwala, jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan babbar mota har Marwa. Ka roƙi ƙarin 'ya'ya ko goma ne.

Abu biyu kuma da mai kanti ba zai faɗa muku ba. Na farko fanka. Falon nan sai da fanka, ko da an sa na'urar sanyaya ɗaki. In fukafukanta suka gitta ƙarƙashin haske, duk falon zai riƙa ƙyaftawa har kai ya yi ciwo, iskarta kuma ta riƙa kaɗa gilashin dare da rana. Ka nisanta bakin fiffike da bakin fitila da mita 1 aƙalla. Da faɗin da kuke da shi, fanka huɗu a kusurwoyi sun zauna lafiya.

Na biyu, wa zai goge ta? Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin komai, da damina kuma ƙwari da shinge suna bin haske. Fitilar da ƙoƙunanta ke kallon sama tarkon ƙwari ce, cikin wata biyu za ka ga baƙi-baƙi a gindin kowane ƙoƙo. Ka zaɓi mai ƙwai a fili ko mai kallon ƙasa. Ka tambayi Alhaji kai tsaye ko gidan na da tsani mai ƙafa biyu da zai kai mutum mita 4. In babu, a sa kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu. Akwai kuma ɗan injin da ake ɓoyewa cikin silin, mai sauko da fitila har ƙasa da makunni, in aljihunsa zai ɗauka. Shi ma sai silin na buɗe ake sa shi.

Ranar ratayewa ka kashe wuta daga babban akwati, ba daga makunnin bango ba. Ku hau dandamalin ƙarfe na magina ku biyu, ku rataye ƙashin fitilar tsirara, ku gwada ƙwai, sannan a bi da gilashin daga sama zuwa ƙasa da safar hannu ta auduga. Ka turo mini hoton buhun simintin yana lilo kafin ka taɓa kwalin. In Allah ya kai mu Asabar zan shigo motar safe in ga farantin da idona. Ka gaida Alhaji, ka gaida yaran aiki.