Likita na amsawa: ƴar ƙofar da ke cikin zuciyar jariri

Tambaya daga wata mai jego a unguwar Birni: Likita, ɗana yana da kwana 20. An yi masa eko, wato hoton zuciya, aka ce akwai ƴar kafa a zuciyarsa. Kakarsa ta ce a kira wanzami ya yi masa tsaga a ƙirji. Ni ko barci ba na iyawa.

Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, amma kada aska ta taɓa yaron nan. Duk ɗan da ke ciki yana da wannan ƙofa. Ɗan tayi ba ya numfashi, huhunsa cike yake da ruwa, iskar da yake rayuwa da ita ta mabiyiya take zuwa, ta biyo cibiya. To me jini zai je yi a huhun da bai fara aiki ba? Shi ya sa Allah Ya buɗe masa hanya tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama, jini ya ƙetare daga dama zuwa hagu kai tsaye. Da ya faɗo ya yi kukan farko, huhu ya buɗe, jini ya ƙaru a ɓangaren hagu, sai ya tura wata ƴar fata ta rufe kafar, kamar yadda iska ke tura ƙyaure. Mannewar gaba ɗaya takan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara. Kusan mutum 1 cikin 4 ma tasu ba ta taɓa mannewa sarai ba, kuma yawancinsu har su tsufa ba su sani ba.

Sai dai ba kowace kafa ce wannan ba. Akwai ramin da ya fi girma, akwai wanda ke tsakanin ɗakunan ƙasa, kuma kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da wata matsalar zuciya ta gaske. Ki koma da takardar ekon wurin likitan yara ya gaya miki wace iri ce, da ranar da za a sake dubawa. Ki riƙa lura da shi wajen shan nono: in yana gajiya ya saki, yana zufa a goshi, numfashinsa na sauri haƙarƙari na lotsawa, leɓe ko harshe ya yi shuɗi, ko kilonsa ya ƙi hawa, kada ki jira gari ya waye, ki kai shi asibiti.

Tsaga kuwa, wallahi abin na ci mini rai. Fata ake yankawa, zuciya tana can bayan ƙashi, askar ba ta kai gare ta ba. Abin da yaro ke samu shi ne zubar jini, miki, wani lokaci tetanus. Ki yi wa Inna bayani da ladabi, in da hali ku je asibitin tare ta ji da kunnenta.

Wani magidanci daga Mirriah: Wani abinci ne matata ta ci ya jawo wa ɗanmu kafa a zuciya?

A'a, Malam. Ba abinci ba ne, ba maita ba ce, ba laifinta ba ne. Ka taya ta zuwa awo.

Wata mai ciki wata 8 daga Sabon Gari: Ciwon baya ya dame ni, nakan sayi diclofenac ko ibuprofen wurin mai tallar magani. Akwai laifi?

Akwai, ki daina yau. Bayan waccan ƙofar, ɗan tayi na da wata jijiya da ke karkatar da jini daga huhu, wadda ya kamata ta rufe cikin kwana 2 zuwa 3 bayan haihuwa. Waɗannan magunguna na iya rufe ta tun yana ciki, zuciyarsa ta shiga wahala, suna kuma rage ruwan mahaifa. Mai tiren da ke yawo da ƙwayoyi cikin ranar Damagaram bai tambaye ki watan cikinki ba, bai ma san ya kamata ya tambaya ba. Ki je awo cikin makon nan, ki gaya wa ungozoma abin da kika sha da tsawon lokacin. Paracetamol ya fi sauƙin haɗari, shi ma a kan ƙa'idar da aka rubuta miki.

Wata daga Magaria: Ƴata bakwaini ce, sun ce jijiyar ba ta rufe ba.

Hakan ya fi faruwa ga bakwaini. Wata ta rufe da kanta, wata sai da magani a asibiti, kaɗan ke buƙatar aiki. Kada ki tsallake ranar komawa ko da ta yi ƙiba.

Wani ɗan shekara 35 daga Tanout: An gano ƴar ƙofar zuciyata ba ta rufe ba. Zan iya noma da azumi?

Ka yi nomanka, ka yi azuminka. In hannu ko ƙafa ta mutu farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, a kawo ka asibiti a wannan sa'ar, ko da abin ya wuce da kansa.