Kada ka tura mashi waƙar duka

Ɗana, ka ce an gayyace ka ka rera waƙa wurin walimar naɗin sarauta, mai gayyar kuma ya ce ka fara turo mashi rubutun ta WhatsApp ya duba. Kada ka tura. In ya matsa, ba shi baiti ukku na farko, sauran ya ji su a bakinka ranar taro, bayan ya aje kafin alƙalami.

Zancen kari da amsa-amo da buɗewa da sunan Allah da salati ba ni ɓata bakina a kai. Wanda bai san su ba, me ya kai shi gaban lasifika?

Wani attajiri ya taɓa ishe ni har zaure bayan isha'i, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, yana "Malam, duk Sakkwato ba mu da kamarka." Yayansa za a naɗa. Na zauna na tsara waƙa ƙwar biyar, mai ɗango (layi) biyar a kowane baiti, na bi asalin gidansu kaka da kakanni, har ƙauyensu na tafi wajen tsofaffi da kuɗin aljihuna, don kada in ba wani uban da ba nashi ba. Da ajami na rubuta ta, na rufe da sunana da ramzin shekara, wato haruffan da ke nuna shekarar da anka yi ta, kamar yadda magabata sunka saba. Da biki ya matso sai ga shi, wai manya na son su duba kada wani ɗango ya taɓa wani gida. Tunda an ambaci manya, na sa anka juya ta boko na miƙa mashi.

Ranar taro na sa babbar rigata, anka zaunar da ni can bayan rumfa kusa da masu rabon ruwan leda. Ina jiran a kira ni sai lasifika ta ɗauka. Baitocina ne, a bakin wani yaro mai baƙin gilashi, an aza masu fiyano a sutudiyo, shi ko motsa baki kawai yake. Duk inda ɗango ya yi mashi tsawo ya datse, ya karya karin. Baitin ƙarshe mai sunana an sare shi. Ina zaune ina kallo ana yi mashi liƙi, kuɗi na zuba bisa takalminsa. Da na ishe attajirin, ko kunya babu, ya ce ai zamani ne, mutane ba su son waƙa ba kiɗa. Ya miƙo abin da bai kai kuɗin motar ƙauyen nan ba, na bar mashi shi bisa tabarma. Har yau in na ji ta a wayar wani sai in tashi daga wurin.

Don haka kada ka bar sunanka a ƙarshe kaɗai. Saƙa shi tsakiyar waƙa, cikin amsa-amo, inda ba a cire shi sai baitin ya rushe. Ka rera ta gaban dattawa biyu a naɗi muryarka kafin kowa ya gan ta.

Kuma ka hardace ta. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matan da ta naɗa jaji, wato jagororin mata, da ka suke ɗaukar waƙoƙinta su kai wa 'Yan Taru, mata masu neman ilimi, a ƙauyuka. Ku ko yaran yanzu ku tsaya gaban jama'a kai sunkuye bisa waya, ba ku kallon kowa, caji ya ƙare ku yi tsuru-tsuru. Ka taho bayan la'asar ka rera min ita da ka, wayar ka bar ta gida.