Hayar Kwamfutar VPS Don Manhajar Ciniki: Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwa a Katsina

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Katsina ya aiko mini da tambaya. Ya ce wani matashi ya tallata masa manhaja mai saye da sayarwa da kanta a kasuwar canjin kuɗi ta intanet, wato foreks, a kan naira 150,000, tare da alkawarin ribar kashi 20 cikin ɗari duk wata. An ba shi ta gwaji ya sa a kwamfutarsa ta gida, sai ɗaukewar wuta da yankewar intanet suka hana ta aiki, shi ne aka ce masa ya kama hayar wata kwamfuta a ƙasar waje wadda ake kira VPS. Jarin da ya ware dala 500 ne, kuma yana son ya san ko ya dace ya kama hayar.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Wanda ya ce maka wannan manhaja tana bukatar kwamfutar da ba ta mutuwa, gaskiya ya faɗa. Irin waɗannan manhajoji, waɗanda 'yan harkar suke kira bot ko EA, suna zama ne a cikin manhajar da ake cinikin da ita, MetaTrader 4 ko MetaTrader 5 na kamfanin MetaQuotes, kuma ba sa aiki a kan MetaTrader ta waya, sai a kan kwamfuta. Kasuwar tana buɗewa daren Lahadi da ƙarfe 10 ko 11 agogon Najeriya, gwargwadon sauyin agogon Amurka, ba ta rufewa sai daren Juma'a. Kwana biyar ke nan a jere, dare da rana, kuma babu gida ko shago a Katsina da zai yi maka alkawarin wuta da intanet na tsawon wannan lokaci. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da akasarin Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu, ko kuma watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro. Iyakar asarar da ka sa wa ciniki tana ajiye ne a kwamfutar dillali, wato kamfanin da kake cinikin ta hannunsa, don haka tana nan ko da taka ta mutu. Amma duk wani umarni da bot ɗin ne yake riƙe da shi, kamar matsar da iyakar nan idan farashi ya tafi ko rufe ciniki a wani lokaci, yana tsayawa da zarar kwamfutarka ta ɗauke, cinikin kuwa yana nan a buɗe babu mai tsaronsa.

VPS wani yanki ne na babbar kwamfuta da ke wata cibiya mai wuta da sanyi da intanet ba yankewa, wanda ake ba ka haya duk wata, kamar yadda ake raba babban shago rumfa-rumfa. Kana shiga cikinta daga wayarka ko kwamfutarka ta hanyar Remote Desktop, manhajar shiga kwamfuta daga nesa, ka ga allon Windows, ka sa MetaTrader, ka kunna bot, ka fita, ita kuwa ta ci gaba da aiki. Dillalai da yawa suna ajiye kwamfutocinsu a cibiyoyin kamfanin Equinix, ɗaya a garin Sulau kusa da Landan, ɗaya a jihar Niyu Jasi daura da birnin Niyu Yok, saboda haka ake so mutum ya kama haya a birnin da dillalinsa yake don umarni ya isa da sauri. Wannan saurin yana da tasiri ga bot mai shiga da fita cikin daƙiƙoƙi. Mai riƙe ciniki sa'o'i ko kwanaki ba ya bukatar a biya masa ƙarin kuɗi dominsa.

To, iyakar abin da VPS take yi ke nan. Rumfa ce mai wuta. Bot ɗin shi ne yaron shago da za ka zaunar a ciki ka damƙa masa jarinka, kuma kai ka fi ni sanin cewa kyan rumfa ba ya gyara yaron da bai iya ciniki ba. Hasali ma idan bot ɗin mai asara ne, kwamfutar da ba ta mutuwa za ta ba shi damar yin asarar ba hutawa, har a lokacin da kake barci. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka, mai ƙwararrun injiniyoyi da kwamfutoci masu tsada, ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45 saboda kuskure a manhajarsa, kuma wuta ba ta ɗauke masa ko na daƙiƙa ɗaya ba.

Mu yi lissafi irin wanda kake yi kafin ka tafi sari Kantin Kwari. Hayar VPS da za ta ɗauki MetaTrader ɗaya takan kama daga dala 10 zuwa 30 a wata. Mu ɗauka dala 15, wato dala 180 a shekara. A kan jarin dala 500, wannan kashi 36 cikin ɗari ne. Ke nan sai bot ɗin ya ci fiye da kashi ɗaya bisa uku na jarinka a shekara kafin ya biya kuɗin rumfa kaɗai, ba a zo maganar naira 150,000 ta sayen sa ba, ba a zo maganar ladan da dillali yake yanka a kowane ciniki ba. Kuma hayar da dala ake biya, alhali kai naira kake samu a shago, ka kuma ga abin da ya faru da naira tun watan Yuni na 2023. Babu ɗan kasuwar da zai kama shagon da hayarsa ta cinye sulusin jarinsa. Wasu dillalan suna ba da VPS kyauta, amma da sharaɗin ka ajiye kuɗi masu yawa ko ka yi ciniki mai yawa duk wata, sharaɗin da ke tura mutum ya riƙa shiga kasuwa ba don ya ga dama ba.

Sai alkawarin kashi 20 a wata, wanda ya fi komai damu na a wasiƙarka. Idan dala 500 tana ƙaruwa da kashi 20 duk wata ana mayar da ribar cikin uwa, a shekara ɗaya ta haura dala 4,400, a shekara uku ta haura 350,000, a shekara biyar ta kai miliyan 28. Mai irin wannan na'ura ba zai bi rumfunan kasuwa yana neman naira 150,000 ba. Sau da yawa abincin mai tallar yana wurin sayar da manhajar ne, da kuma kamishon da dillali yake ba shi a kan kowane cinikin wanda ya kawo, ko an ci ko an faɗi. Ka tambaye shi ko dole ne sai ka buɗe asusu ta hanyar da zai turo maka. Kamfanin CBEX da ya rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilu na 2025 shi ma da maganar na'ura mai ciniki da kanta ya tara mutane. Ko a Turai, inda hukumomi suke sa ido, hukumar ESMA mai kula da kasuwannin kuɗi na Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, shi ya sa ta taƙaita bashin da dillali yake ninka wa mutum jari da shi zuwa ninki 30 a manyan kuɗaɗe.

Akwai dabara ɗaya da nake so ka gane da idonka, domin yawancin bot masu nuna riba kullum a kanta aka gina su. Idan ciniki ya juya musu baya, ba sa karɓar asara, sai su buɗe wani mai ninki biyu, su sake ninkawa, suna jiran farashi ya dawo. Wanda ya fara da lot 0.01 (lot shi ne ma'aunin girman ciniki), a ciniki na takwas yana kan 1.28, wato ninki 128 na abin da ya fara da shi. Wata uku ko shida za ka ga riba tana hawa tamkar matakala, sai rana ɗaya farashi ya miƙe bai waiwayo ba, asusun ya tafi gaba ɗaya. Ranakun nan suna zuwa. A 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya daina riƙe farashin kuɗinsa ba zato, farashi ya tsallake iyakokin asarar mutane cikin mintuna, har dillalin Alpari na Ingila ya durƙushe. Kuma rahoton ayyukan yi na Amurka, mai girgiza dala, yakan fito ne Juma'ar farko ta wata da ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana agogonmu, daidai lokacin da kake masallaci wayarka a aljihu.

Kafin duk wannan akwai maganar halal, kuma ba fagena ba ne yanke hukunci, amma wajibi ne in faɗa maka inda tambayar take. Cinikin da ya kwana a buɗe dillali yakan caje shi ko ya biya shi ruwa, kuma ko an ba ka asusun da aka cire wannan ruwan, batun bashin ninka jari yana nan. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, ta zauna a Makka a 2006 ta haramta ciniki da irin wannan bashi. Ka kai wa malamin da ya san mu'amalar kuɗi bayanin yadda abin yake, ba sunansa kawai ba. Ta fuskar doka kuma, dokar zuba jari ta 2025 ta wajabta wa masu gudanar da dandalin foreks a Najeriya yin rajista da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari, don haka ka bincika wace hukuma ce take kula da dillalin da aka tura ka wurinsa.

Idan bayan haka kana son gwadawa, kada ka biya kuɗin bot tukuna. Ka nemi mai shi ya ba ka lambar sirri ta kallo kawai, wadda MetaTrader take da ita, ta asusunsa na kuɗin gaske da ya yi aƙalla shekara ɗaya, ka duba mafi girman faɗuwar da ya taɓa yi da kuma ko girman ciniki yana ninkuwa bayan asara. Hoton allo ba hujja ba ne. Sannan ka kama VPS mafi arha da sunanka, biyan wata-wata, ka sa bot ɗin a asusun gwaji wata uku. Kada ka yarda mai tallar ya ajiye maka asusunka a tasa kwamfutar, kada ka ba shi babbar lambar sirrinka, kada kuma ka buɗe imel ɗinka ko bankinka a cikin VPS ɗin. Ka sauya lambar sirrin da kamfanin haya ya ba ka tun ranar farko, domin ɓarayin intanet suna yawan gwada ƙofar Remote Desktop. Windows takan sake kunna kanta bayan sabuntawa, saboda haka ka saita MetaTrader ta tashi da kanta, ka haɗa ta da wayarka ta riƙa turo maka sanarwa, ka kuma leƙa ta safe da yamma.

Dala 500 ɗin nan kuwa, shawarata ita ce ta zauna a cikin atamfa har watanni ukun su cika. Idan sun cika, ka turo mini cikakken bayanin asusun gwajin, daga cinikin farko zuwa na ƙarshe, mu cire kuɗin haya da ladan dillali mu ga abin da ya rage.