Me ya sa ake raba rediyo da kwamfuta a ƙaramin tauraron ɗan'adam na soja?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce me ya hana a haɗa rediyo da kwamfutar sarrafawa a allon lantarki guda, wato farantin da ake jera sassan na'ura a kai, tunda wurin ƙarami ne.

Sauƙin canji ne dalili. Tsarin ƙaramin tauraro mai suna CubeSat, wanda jami'o'in Stanford da Cal Poly na Amurka suka fito da shi a 1999, akwati ne mai santimita 10 ta kowane gefe. A ciki ake jera alluna: na wuta, na kwamfuta, na rediyo, na juya fuskar tauraron. In buƙata ta sauya kafin harbawa, sai a cire rediyon UHF (wani nau'in zangon rediyo) a sa mai saurin aika bayanai, sauran su zauna. Sojoji kan ƙara ɓangaren ɓoye saƙo, don kada abokin gaba ya ba tauraron umarni.

Layin da ke haɗa allunan ne ke kayar da mutane. Nau'in layin da ake kira I2C na da sauƙi, amma allo ɗaya in ya maƙale yana iya riƙe layin gaba ɗaya. Ni na fi yarda da wani nau'in layin da ake kira CAN. Kada kuma ka manta da na'urar da ke sake kunna kwamfuta idan ta daskare, domin can sama babu mai danna maɓalli.

Ɓoye saƙo da neman izinin zangon rediyo kuwa, nemi ƙwararrun injiniyoyi da hukumar sadarwar ƙasarka tun farkon aikin.