Amsa: Sandar besbol mai sunan Babe Ruth, ta gaske ce?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga sandar dukan ƙwallo ta wasan besbol a gwanjon intanet da sunan Babe Ruth, shahararren tsohon ɗan wasan Amurka, a jiki, kana tambaya ko ya buga wasa da ita. Sunan kaɗai ba hujja ba ne. Kamfanin Hillerich & Bradsby na Louisville a Amurka ya ƙera irinta birjik, ana sayarwa a kantuna.

Fara duba tambarin da aka ƙona a tsakiya. Na ƙwararru yawanci lamba 125 ce, in ka ga 40 to ta kanti ce. Juya gindin mariƙin: idan an buga tsawonta a wurin, kamar inci 34, galibi ita ma ta kanti ce. Sai awo. Sandunan Ruth kan kai inci 35 zuwa 36, masu nauyin gaske, wasu sun haura oza 40, wato sama da kilo ɗaya.

Alamun wasa su ne wurin da ake cutar mutane. Ta gaske za ka ga shatin ɗinkin ƙwallo ya nutse cikin icen, zaren icen ya ɗan ɗago inda ƙwallo ta yi ta duka. Ƙarce da ƙusa ko shafa datti ba ya ba da wannan.

Kada ka biya sai da takardar PSA/DNA ko MEARS, kamfanonin tantance kayan wasanni, masu gwada ta da kundin odar kamfanin. Wadda Ruth ya buga wasa da ita ranar buɗe filin wasan Yankee na New York a 1923 ta haura dala miliyan ɗaya a 2004, saboda haka araha abin tsoro ce.

In ka saya, ban da mai, ban da gogewa, ban da rana.