Amsa ga ƙanena mai son karatun fashewar taurari

Ƙanena, assalamu alaikum. Na ga saƙonka cewa ka kusa kammala lisans ɗinka na kimiyyar fizik a Jami'ar Marwa, kana son ka biyo ni Turai ka karanci fashewar taurari masu tsananin haske, kana kuma tambaya ko hakan zai yiwu ga wanda bai taɓa ganin babban madubin hangen sama ba. Zai yiwu, domin yawancin aikinmu a gaban kwamfuta ake yin sa, kuma abin da za a nema a wurinka shi ne lissafi da Python da Ingilishin karanta takardun bincike, wanda dole ka ƙara himma a kansa tunda da Faransanci ka yi karatu.

Fashewa irin SN 2006gy, wadda aka gano a 2006, haskenta yakan ninka na sufanoba ta yau da kullum sau 10 zuwa 100, kuma tambayarmu ita ce daga ina wannan ƙarfi yake fitowa. A fashewar da aka saba gani, nikel-56 ne yake rikiɗa ya zama kobalt-56, shi kuma rabinsa yana komawa ƙarfe duk bayan kwana 77, zafin wannan rikiɗa ne yake riƙe hasken. SN 1987A ta haskaka da nikel kimanin 0.07 na nauyin Rana, amma waɗannan sai an ba su nikel mai nauyin Rana da yawa, wanda sau da dama lissafi ba ya ɗauka. Shi ya sa a 2010 Kasen da Bildsten, da kuma Woosley, suka kawo bayanin magneta, wato ragowar cikin tauraro mai juyawa da matuƙar sauri, mai ƙarfin maganaɗisu, wanda yake ɗuma tarkacen daga ciki. Bayani na uku shi ne karon tarkacen da iskar da tauraron ya zubar kafin ya fashe.

Abin da yake yaudarar sabon shiga shi ne manhajar MOSFiT za ta iya zana masa layi biyu, na magneta da na karo, dukansu su ratsa ɗigogin hasken daidai wa daida. Wanda ya tsaya a nan, a ganina, bai gano kome ba tukuna. Sai an rarrabe hasken zuwa launukansa ake samun alƙali: siraran layukan haidurojin suna nuna karo, kuma idan nikel ne da gaske, bayan shekara guda layukan ƙarfe za su fito ɓaro-ɓaro.

Don haka kada ka jira biza. Bayanan ZTF da ke Palomar da na rumbun WISeREP kyauta suke, ka sauke su ranar da wuta da intanet suka samu, ka gwada fashewa guda ka rubuta abin da ka gani. Ka nemi mastar a AIMS ta Limbe ko shirin NASSP na Afirka ta Kudu, kuma duk farfesan da za ka rubuta wa, ka haɗa masa da zanen da ka yi da hannunka. Ka turo mini shi in duba tukuna. Ka gaida Baba da Inna.