Benci cike da marasa lafiya, amma albashi ya gagara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce, ina da ƙaramin asibiti mai gado 10. Kullum benci cike yake da jama'a, amma ƙarshen wata sai na ci bashi kafin in biya ma'aikata. Ta yaya zan gane ko asibitin yana ci gaba?
Wata mai karatu, daga Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Cikar benci shaida ce cewa jama'a sun yarda da hannunki, amma ba ta nuna ko kuɗi yana zama. Ki fara da raba aljihunki da asusun asibiti, ki yanka wa kanki albashi, domin muddin kuɗin cefane yana fita daga akwatin da ake karɓar kuɗin kati, babu lissafin da zai faɗa miki gaskiya.

Inda na fi zargi shi ne ɗakin magani. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magunguna ya yi ta hawa, kuma wanda ya sayar da kwalin allura bisa farashin da ya saro shi yana iya ganin riba a takarda, alhali in ya koma wurin dila kuɗin ba zai sayo masa irin kwalin ba. Saboda haka ki auna ribarki da farashin sari na yau, kuma duk wata ki ƙirga abin da ya lalace a kan kantar magani.

Sai bashi. Ki bambanta aikin da aka yi da kuɗin da ya shigo hannu, ki rubuta kwanakin da kowane bashi ya yi, na 'yan'uwa da maƙwabta ne ko na kamfanonin inshora da ke aiki ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA.

Lissafin gado kuwa mai sauƙi ne: gado 10 a kwana 30 ya ba da 300, idan jimillar kwanakin da aka kwanta 180 ne, kashi 60 cikin 100 ke nan. Sai dai ki kwatanta Agustan bana da na bara, kada ki haɗa shi da Maris, domin zazzaɓin cizon sauro yakan cika gadaje da damina.

Abin da nake roƙonki kada ki bari shi ne rajistar awo. Ki duba mata nawa ne suka fara awon ciki a wurinki, nawa suka ci gaba da zuwa, nawa kuma suka haihu a hannunki. Idan da yawa suna ɓacewa bayan zuwan farko, ki tambaye su dalili, ko tsada ce, ko dogon jira, ko kuwa yadda ake yi musu magana a teburin kati.